Waɗanda Ba Su da Sarki

A unguwar da na zauna shekarun baya akwai wata yarinya, 'yar shekara tara ko goma, da ke bin yayyenta zuwa makarantar firamare kowace safiya. Tana da hijabinta da 'yar jakarta, har da fensir a ciki. Sai dai iyakarta bakin ƙofa. Idan aka kaɗa ƙararrawa yara suka shige, sai ta raɓa gefen mai sayar da awara ta zauna, ta jira tashi. Yarinyar tana da larurar Down. Mahaifiyarta ta gaya mini cewa sau biyu tana kai ta wurin hedimasta, sau biyun yana ba ta amsa ɗaya cikin ladabi: "Hajiya, irin waɗannan ba mu da malaminsu, ki kai ta makarantar musamman." Ta kai ta. A can aka ce mata su kurame da makafi suke koyarwa, yarinyar kuwa tana ji tana gani. Ta dawo da ita gida, ita kuma yarinyar ta ci gaba da zuwa ajin da ya rage mata, wato bakin ƙofa.

Na tuna da ita a wani taro da na halarta ranar 3 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa masu naƙasa. Ɗakin taro ne na otal mai sanyi. An jera kekunan guragu sababbi fil a gaban mumbari, ko ledarsu ba a cire ba, ga sandunan makafi, ga buhunan shinkafa. Duk wanda ya karɓi lasifika sai ya ambaci "haɗin gwiwa da al'umma", ya kuma tuna mana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, har na daina ƙirgawa. Aka yi hotuna, aka ci abinci, aka sa hannu a takardar kuɗin mota, aka watse. Daga addu'ar buɗewa zuwa ta rufewa babu wanda ya ambaci yaro irin yarinyar nan. Dalilin a fili yake: babu abin da za a miƙa mata a gaban kyamara. Keke ba zai amfane ta ba, sanda ma haka. Buƙatarta kujera ce a cikin aji da mutumin da zai yi haƙuri da ita shekara da shekaru, wannan kuwa ba ya fitowa a hoto.

Hujjata a wannan maƙala ɗaya ce. Yaran da ke da naƙasar fahimta wurinsu makarantar unguwarsu, tare da sa'o'insu, kuma hakan ba zai yiwu a ƙasar Hausa ba sai da haɗin gwiwa na haƙiƙa tsakanin makaranta da iyaye da masu unguwanni da malaman addini da ma'aikatan lafiya da masu sana'a. Abin da muke kira haɗin gwiwa a yau sadaka ce aka sa wa rigar boko, mu kuma masu karanta irin wannan shafi mu ne telolin da suka ɗinka ta.

Larurar da ba ta da suna

Hausa tana da suna tsayayye ga makaho da kurma da bebe da gurgu da kuturu. Ko ba su da daɗin ji, suna faɗin abin da ya samu mutum. Idan aka zo kan yaron da ƙwaƙwalwarsa ke girma a hankali, sai harshen ya koma zagi: wawa, dolo, gaɓo, sakarai, gaula. Idan an so a tausasa a ce taɓaɓɓe, a haɗe shi da mai ciwon hauka, alhali abubuwa ne mabambanta. Idan wuyansa bai tsaya ba, yawu na zuba, sai tsofaffi su fara raɗe-raɗin cewa ɗan ruwa ne, aljanu suka yi musanya. Kalmar galahanga da kafofin yaɗa labarai suka runguma ta fi sauran dama, amma ita ma buhu ce da ake zuba komai a ciki.

Abin da ke cikin buhun kuwa iri-iri ne, kuma malamin da bai rarrabe su ba ba zai iya koyar da ko ɗaya ba. Larurar Down daga ƙwayoyin halitta take: mutum yana da ƙunshin gado 46 a jere biyu-biyu, mai wannan larura yana da 47, domin na 21 ya zo uku. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya siffanta ta a 1866, aka gano musabbabinta a Faransa a 1959. Tana samun kusan jariri ɗaya cikin dubu a kowace al'umma, kuma a mafi yawan lokuta ba gadonta ake yi daga dangin uwa ko na uba ba. Otizim daban ne: yaro yana shan wahalar magana da cuɗanya, yana maimaita abu guda, hayaniya tana gigita shi, amma a cikinsu akwai masu rauni a fahimta, akwai kuma masu kaifin basira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari. Sai kuma yaran da gaɓoɓinsu suka sandare ko suka saki saboda raunin da ƙwaƙwalwa ta samu wajen haihuwa ko jim kaɗan bayanta. Da yawa daga cikinsu hankalinsu garau yake, jiki ne kawai ya ƙi bin umarni. Yaron yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, har da maganar kai shi bakin kogi.

A nan akwai abin da ya kamata ya hana mu barci. Kaso mai yawa na waɗannan yara mu muka samar da su da sakacinmu. Doguwar naƙuda a gida har jariri ya rasa iska. Shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani a makon farko ana shanya yaro a hantsi. Sanƙarau, da muke tsakiyar yankinsa. Zazzaɓin cizon sauro da ya haura ƙwaƙwalwa. Ƙarancin sinadarin aidin ga mai ciki. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. An ƙirga matattu, duniya ta ji. Dalma kuwa tana barin tabo na dindindin a ƙwaƙwalwar yaron da ya tsira. Wanda yake ɗan shekara uku a lokacin yanzu saurayi ne. A wane aji ya zauna?

Kowa da sarkinsa

Al'ummar Hausa ba ta taɓa rasa tsarin kula da naƙasassu ba. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, naɗaɗɗu da rawani, masu shiga fada su kai kukan jama'arsu. Tsari ne da ya ginu a kan bara, wannan gaskiya ne, amma ya ba su murya da shugabanci, kuma a kan wannan tushe ƙungiyoyin zamani suka miƙe. Waɗanda shan inna ya naƙasa a Kano sun haɗa kai har suna ƙera kekuna da hannunsu. Kurame suna da yarensu na hannu da majalisunsu. Makafi sun fitar da lauyoyi da malaman jami'a. Duk waɗannan suna iya karɓar lasifika su yi magana da bakinsu ko da hannunsu.

Ban taɓa jin an naɗa wa masu naƙasar fahimta sarki ba. (Wawan sarki da muke gani a fada mutum ne mai cikakken wayo, sana'arsa ce.) Saboda haka idan aka ce an tuntuɓi masu buƙata ta musamman kafin a tsara wani shiri, waɗanda suka iya zuwa taron aka tuntuɓa. Mai magana da yawun yarinyar bakin ƙofa mahaifiyarta ce kaɗai, ita kuwa tana gida, kunya da gajiya sun rufe ta, wataƙila ma dangin miji sun riga sun yanke hukunci cewa daga jininta abin ya fito.

Ba doka muka rasa ba. A Yunin 1994 gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifaniya suka amince cewa makarantun gama-gari su karɓi kowane yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006 ta mayar da wannan wajibi a sashenta na 24. Nijar ta tabbatar da ita a 2008, Nijeriya a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta zama mai karɓar kowa, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don wannan aiki. Jihohi da dama na Arewa sun yi tasu dokar. Ke nan amsar da hedimastan nan ya bayar, duk da ladabinta, a yau saɓa wa doka ce. Shi bai sani ba, uwar ba ta sani ba, kuma babu wanda aikinsa ne ya sanar da su.

Kuɗi ma sai a duba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 2 cikin ɗari na wannan kason ne ke zuwa ga ilimin masu buƙata ta musamman. Mai karatu ya buga lissafin: naira 4 a cikin kowace naira 10,000. A cikin naira huɗun nan makafi da kurame da guragu duk suna da rabo.

"Ki kai ta makarantar musamman"

Wannan jumla ita ce babbar mafakar kowa, don haka sai in daɗe a kanta. Makarantun musamman sun yi aiki, kuma ba na raina su. Tun da aka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953 suke fitar da mutanen da da bara za su ƙare a kai. Makaho yana buƙatar wanda zai koya masa rubutun Braille. Kurma yana buƙatar jama'ar da ke magana da yarensa, kuma akwai hujja mai ƙarfi ta barin kurame su yi karatu tare. Amma yaro mai naƙasar fahimta ba wani harshe na daban yake nema ba. Hausar nan da muke yi ita yake son ya iya, da gaisuwa, da bin layi, da sanin lokacin da ake shiru, da riƙe buta, da tsallaka titi. Waɗannan abubuwa ta kwaikwayo yara ke koyonsu. Idan ka tara yara talatin da dukkansu magana ke yi musu wuya ka rufe su a ɗaki ɗaya, wa zai kwaikwayi wa?

Sannan a ƙirga makarantun. A yawancin jihohinmu ba su wuce a lissafa da yatsu ba, galibi a babban birni, galibi na kwana. Ana so uwa a ƙauye ta ɗauki ɗanta da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa, ta miƙa shi ga baƙi a bayan katanga, tafiyar yini guda daga gida. Ƙasashen da suka riga mu bin wannan hanya sun ga ƙarshenta. A 1972 wani rahoton talabijin ya fallasa yadda dubban yara da manya masu naƙasar fahimta ke kwance cikin ƙazanta a cibiyar Willowbrook ta jihar New York, a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko likitoci ba. Mu ma mun ga namu samfurin a Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, har da yara, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan "gyaran tarbiyya" a Rigasa ta Kaduna. Larurarsu ba irin wadda nake magana a kai ba ce, amma darasin ɗaya ne: duk inda iyaye suka miƙa ɗan da ya fi ƙarfinsu aka ja ƙofa, abin da ke faruwa a ciki sai Allah.

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kaina, kuma malaman firamare ne ke kawo ta. Malama ɗaya, yara ɗari ko fiye, rabinsu a ƙasa, babu littafi, albashi ba ya kai ta tsakiyar wata. A wannan hali za ka ƙara mata yaron da ke toshe kunne yana ihu idan aji ya ruɗe? Gaskiya suka faɗa. Jefa yaro a irin wannan aji ba tare da mataimaki ba wata wariyar ce, sai dai a cikin ɗaki ake yin ta. Kuma ƙwararrun da za a ce a jira ba za su iso ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, da aka kafa a 1977, shekaru da dama ita kaɗai ce irinta. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sassan wannan fanni, amma ko duk ɗalibansu aka raba wa makarantun jiha ɗaya ba za su zagaya ba. Masu gyaran magana da masu koyar da amfani da gaɓoɓi kuwa, a manyan asibitoci ma nemansu ake yi.

Sai dai wannan hujja ba ta kai inda masu kawo ta suke so ba. Abin da ta tabbatar shi ne malama ba za ta iya ita kaɗai ba. Ba ta tabbatar da cewa bakin ƙofa ne wurin yarinyar ba.

Wuraren da aka gwada ba aljanna ba ne. Zanzibar tsibirai ne na Musulmi talakawa, masu cunkoson aji irin namu. A can ƙungiyar iyaye da masu naƙasar fahimta mai suna ZAPDD ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi, da tallafin takwararta ta ƙasar Norway, suka fara karatun haɗaka a makarantu 20 a 2004. Ba su gina sababbin makarantu ba. Malaman da ke bakin aiki aka horar, aka jawo iyaye da shugabannin unguwanni da ma'aikatan lafiya cikin lamarin makaranta, iyayen da suka fito da 'ya'yansu suka riƙa lallashin waɗanda suka ɓoye nasu. Zuwa 2006 tsarin ya shiga manufar ilimi ta gwamnatin tsibiran. Ban ce sun gama ba, har yau suna fama. Abin lura shi ne wanda ya fara motsi: iyaye. Haka ma a Amurka, iyaye ne suka kafa ƙungiya a 1950, reshensu na jihar Pennsylvania ya maka gwamnati a kotu a 1971, kafin majalisa ta yi dokar 1975 da ta tilasta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro.

Abin da muke da shi a hannu

Masu cewa karatun haɗaka ra'ayin Turawa ne su leƙa makarantar allo. Yara hamsin a zaure, kowa da allonsa, kowa a inda ya tsaya. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, na gefensa ya kusa sauka. Babu jarrabawar ƙarshen zango da za ta ce wane ya faɗi. Wanda ya shekara uku a ƙananan surori ba a korarsa, kuma idan malam ya shagala, babba a cikin almajirai shi ke biya wa ƙarami. Abin da masana ke zuwa daga nesa su koya mana a otal, cewa kowane yaro a tsara masa karatu gwargwadon tafiyarsa, ɗalibi kuma ya taimaki ɗalibi, kakanninmu da shi suka yi karatu. Ba ina wanke tsangaya ba ne. Bulala da yunwa da bara sun fi cutar da yaro mai rauni fiye da kowa. Amma tunanin cewa aji ɗaya yana ɗaukar masu gudu da masu rarrafe namu ne. Boko ce ta zo da layi ɗaya da gudu ɗaya, abin takaici kuma islamiyyun zamani sun kwafi wannan har da korar wanda bai iya bi ba.

Nemo yaran ma mun iya. Wanda ya rayu a Arewa shekarun yaƙi da shan inna ya san yadda aka yi. Bayan ƙauracewa rigakafi a 2003, sai da aka koma ga sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai, aka ɗauki matan unguwa suna shiga gida-gida, ana rubuta alama da alli a jikin bango, ana shafa wa yaro tawada a yatsa. Babu lungun da ba a shiga ba, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a Agustan 2020. Tsarin da ya iya gano kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar don a ɗiga masa magani zai iya gano yaron da ke bayan labule. Matan nan ma sun gan shi, sun ɗiga masa maganin, sun wuce, domin babu gurbinsa a takardarsu.

Mazaunin wannan aiki ma akwai shi. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka umarci kowace firamare ta gwamnati ta kafa kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, mai ɗauke da basarake da iyaye da mata da malaman addini da masu sana'a. A wurare da yawa aikinsa ya tsaya a gyaran rufin kwano da sayen alli. Kwamitin nan shi ya kamata ya riƙe sunan duk yaron unguwa da ba ya zuwa makaranta saboda larura, ya kuma ba wa ɗaya daga iyayensu kujera, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ta yi shekara tara da yaro mai otizim ta san abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi fiye da duk wanda ya yi bitar kwana uku. A tsarinmu na yanzu ita ake gayyata ta zauna a baya a wayar mata da kai.

Daga nan sauran aikin ƙanana ne, kuma a ƙananan ake yin nasara ko a faɗi. Ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta duba kunne da idon yaro kafin a yanke cewa ba ya ganewa. Yara masu larurar Down suna yawan fama da matsalar ji, kusan rabinsu kuma ana haifarsu da matsalar zuciya da ke buƙatar likita. A gaya wa malamai da ɗalibai cewa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, kuma ba a cusa wa mai ita cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. A zaunar da yaro a gaba, kusa da abokin da ya saba da shi. A yarda cewa ci gabansa na bana shi ne ya rubuta sunansa ya ƙirga zuwa ashirin, a kuma rubuta hakan a katinsa a matsayin nasara. Idan ya kai shekarun koyon sana'a, wakilin masu sana'a a kwamiti ya nemo kafinta ko tela ko mai gidan burodi ko mai kiwon kaji da zai karɓe shi, wani kuma ya riƙa leƙawa don kada koyo ya zama bauta. 'Ya'ya mata kuwa a koya musu tun da wuri inda ba a taɓa su da wanda za su gaya wa. Yarinyar da ba ta iya ba da labari ita ce abin harin mugu, kuma kulle ta a gida bai taɓa kare ta daga na cikin gida ba.

Sai mataimaki a cikin aji, wanda shi ne ƙashin bayan komai. Italiya ta rufe azuzuwan ware yara da dokar 1977, ta sa malamin tallafi a gefen malamin aji. Mu ba mu da kuɗin Italiya, amma muna da dubban masu takardar NCE da ke zaune babu aiki, da zawarawa da matan unguwa masu haƙurin reno. A nan zan ja layi, domin na san yadda jami'an gwamnati ke son kalmar "al'umma": tana nufin aikin da ba za a biya ba. Duk shirin da ya dogara da uwa ta bar sana'arta ta zauna a aji kyauta zalunci ne, kuma ba ya wuce zango biyu. Albashin mataimaki haƙƙi ne a kan SUBEB da ƙaramar hukuma. Hukumomin zakka da waƙafi irin na Sakkwato da Kano da masarautun Jigawa suna iya cike giɓi, kuma waƙafin da zai riƙa biyan mataimakiya ɗaya a makaranta ɗaya ya fi buhun shinkafa ɗari na ranar 3 ga Disamba. Amma cike giɓi daban, sauke wa gwamnati nauyinta daban.

Liman ma yana da aiki, kuma ba ƙarami ba. Sau nawa muka ji an ce "ai an ɗauke masa alƙalami", da nufin babu amfanin wahalar koya masa komai? Hukuncin da malamai suka yi bayaninsa rangwame ne ga wanda hankalinsa bai kai ga ɗaukar nauyin shari'a ba. Alƙalamin uban da ya hana shi karatu da na maƙwabcin da ya bar yara suna jifansa yana nan yana rubutu. Huɗuba ɗaya a kan wannan, da wata a kan cewa babu ɗan ruwa sai ɗan Adam, za ta isa gidajen da takardar ma'aikata ba ta taɓa shiga ba.

Na bar mafi ɗaci a ƙarshe, domin namu ne. A cikin masu karanta wannan akwai likita da lakcara da darakta da ma'aikacin banki da ke da irin wannan yaro a gida. Abokan aikinsa na shekara goma sun san 'ya'yansa huɗu, alhali biyar ne. Idan baƙi suka zo sai a ce wa 'yar aiki ta shiga da shi ciki. Mai hali ya kai nasa cibiyar kuɗi a Abuja ko Legas ko Alƙahira, inda kuɗin zango ɗaya ya fi ƙarfin malamin firamare, ya sayi mafita shi kaɗai ya yi shiru. Na san dalilin, kuma ba na yi masa dariya: tsoron kada a ce a jininsu yake, a ƙi auren 'yan'uwan yaron. Amma iyayen Zanzibar da na Pennsylvania ma suna da 'ya'yan aurarwa. Mai awara da matar ɗan dako ba za su iya shiga ofishin shugaban SUBEB ba, ba su san akwai doka ba, ba su da lauya a dangi. Wanda zai iya shiga, ya san dokar, yake da lambar kwamishina a wayarsa, shi ne ya ja labule. Muddin 'ya'yan manya suna ɓoye, za a ci gaba da ɗaukar wannan larura a matsayin matsalar talaka, kason ta kuma ya ci gaba da zama naira huɗu.

Kafin in bar unguwar na lura da wani abu. Mai awarar nan, wadda ko aji ɗaya ba ta yi ba, ta gaji da ganin yarinyar zaune haka nan, sai ta fara sa ta miƙa wa masu saye leda. Daga nan ta koya mata ƙirga awara biyar-biyar, sannan bambanta naira hamsin da naira ɗari. Ya ɗauke su kusan shekara. Lokacin tara, yaran ajin da aka hana ta shiga su ne ke yin layi a gabanta, tana ƙirga musu, suna kiran ta da sunanta. Tazarar da ke tsakanin tiren awarar da ofishin hedimasta ba ta kai taku talatin ba, kuma har na tashi sunanta bai shiga rajista ba.